Yadda Jatau Dobi Ya Cusa Ƙanensa a Aljihun Turawa

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Jatau a gidan hayarmu na Sabon Gari, ta wajen hanyar Dogarawa, bangon kuma bai kai rufi ba. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, to har tarinsa na sani. Ni ne Tanimu, mai faci da gyaran keke a ƙofar gidan. Shi kuwa dobi ne, mai wanki da guga na Turawan gonar gwaji ta Samaru. Ran Litinin ya hau keke ya kwaso ƙullin datti, ya wanke a bakin rijiyar gidanmu, ya goge a baranda, ran Juma'a ya mayar. Keken nan ya sha hanyar Palladan har ya gaji da duniya. Ban san ranar da bai kawo mini shi da wani sabon ciwo ba.

A wani ƙauye can bayan Giwa aka haife shi. Iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya, sai da ya yi gemu gidansu ya shiga coci. Ja ne, siriri, ga wuya kamar na zalɓe, ga taurin kai wanda ban taɓa ganin irinsa a jikin mutum mai ƙashi kaɗan haka ba. Ya zo Zariya kafin babban yaƙi, ya fara da ɗaukar wa wani tsohon dobi ruwa, har ya gaji dutsen gugarsa. Matarsa Elizabet, Maman Rhoda, tana tuyar ƙosai. Ita kaɗai ke iya juya shi, ita ma sai ran da ya ga dama.

Dobi yana da doka guda, Jatau kuwa ya riƙe ta fiye da wasu dokokin coci: kafin tufa ta taɓa ruwa sai an lalube aljihu, abin da aka samu kuma a mayar wa mai shi. Makulli, alƙalami, wasiƙa, haƙorin roba ma ya taɓa mayarwa. Ni na sa masa suna Sarkin Aljihu. In na ce, "Ranka ya daɗe, yau me talakawa suka kawo?" sai ya ce, "Sun kawo abin da ya fi ƙarfin mai faci."

Abu ɗaya ne Turawa ba sa karɓa in ya mayar: ɗan katin nan da ke zuwa cikin kwalin sigari, mai hoton ɗan wasa a gaba da rubutu a baya. Na farko da ya kai wa mai shi, Baturen ya yi dariya ya ce ya jefar. Jatau bai jefar ba. Ya kawo shi gida, ya shimfiɗa ƙyalle a kai, ya bi shi da dutsen guga har ya miƙe sumul, ya sa a gwangwanin biskit. Daga ranar ciwon ya kama shi. Da wani tsohon Bature zai koma ƙasarsu ya ga abin ya ba shi sha'awa, sai ya juye masa nasa na tun kafin yaƙi, masu kauri, fentin hannu, mutanen ciki da dogayen wanduna har gwiwa. Daga baya sababbi suka fara fitowa, wasu ma cikin cingam, hoto na gaske amma takardar shara-shara. Jatau yana karɓarsu, sai dai ba ya girmama su. Ya ce na da su ne mutane, na yanzu 'yan talla ne.

Ba ya karanta Turanci, ni ma ajin Yaƙi da Jahilci kaɗai na yi, don haka mu muka raɗa musu suna. Akwai Gashin-Baki, ɗan ƙwallo mai tsayuwa kamar ya ci bashin kowa ya hana. Akwai Kunnen-Tulu, ɗan dambe. Akwai Ba-Wuya, da Mai Kukan Dariya, da wani ɗan tsere da muke kira Kura-Ta-Biyo. Har dawakan sukuwa akwai. Ran Lahadi bayan coci Jatau yakan shimfiɗa farin zane a baranda ya jera su, maƙwabta su taru. Kallo kyauta ne, taɓawa kuwa sai ka wanke hannu ya duba. Ni bai taɓa yarda da hannuna ba. Ya ce baƙin man keke ya shiga jinina.

To, Jatau yana da ƙane, Cindo, ɗan dako a wata ma'ajiyar gyaɗa a Chikaji. Sunan ya riga ya gaya muku: da yatsu shida aka haife shi, shi kuwa a kowane hannu, kuma ba irin ɗan tsiron nan mai lilo ba, yatsa sosai mai ƙashi da farce. Jatau ya sha ba mu labarin ranar da wanzami ya zo cirewa. Uwarsu ta saɓa jaririn ta shige gonar dawa, ta ƙi fitowa har wanzamin ya gaji ya tafi. Ta ce wanda ya ba shi bai yi kuskuren ƙirga ba.

Cindo ƙato ne mai sanyin hali, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Amma in ya tsaya a gola wani mutum ne daban. Shi ne golan ƙungiyar unguwarmu shekara shida. Ko yatsun nan suna kama ƙwallo ko ba sa kamawa, Allah ya sani. Abin da na sani, in ya ware hannuwan nan biyu a gaban ɗan wasa, sai ka ga mutum ya tsaya ƙirga maimakon bugu.

Shugaban ƙungiyar Gregory ne, akawun wani kanti, mutumin kudancin Zariya, ya yi makarantar midil, ba ya fita sai da biro biyu a aljihu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi ya samo mana ƙwallon fata da riguna, shi ke rubuta wasiƙar neman wasa. Abin da ke cinsa, a shekarar da ta gabata ma'aikatan Samaru sun ci mu, suka bi mu da dariya wai 'yan dako da masu wanki sun zo wasan Turawa. Ya rantse bana sai mun fito kamar mutanen kati.

Wata Lahadi a damina ta 1956, saura mako uku mu sake haɗuwa da Samaru, Gregory ya zo kallon kati da ƙunshi a hammata. Ya wanke hannu, Jatau ya duba, Gregory ya ɗauki wani sabon kati mai hoton gola da hula da safar hannu. Sannan ya kwance ƙunshin. Hula ce da safar hannu, sababbi fil, wai daga Ikko aka kawo masa.

Ya ce, "Cindo, gwada."

Hula ta zauna. Safa ta ƙi. Yatsa biyar suka shige, na shida ya tsaya a waje yana kallon jama'a.

Na ce, "Akawu, ka sayo gida mai ɗaki biyar, masu haya shida ne."

Kowa ya yi dariya ban da shi. Elizabet ta ce, "Kawo nan, Malam Gregory, in farke gefe in ƙara masa ɗaki. Aikin minti nawa ne?"

"A'a, Maman Rhoda. Ba a taɓa ta. Dubi katin. Biyar ne. Gola na ƙa'ida safa yake sawa, safa kuma biyar ce." Ya juya wajen Cindo. "Na yi magana da wani disfensa. Ya ce abu ne mai sauƙi, allura ɗaya, kafin ranar wasa ka warke. In ba haka ba, akwai wanda hannunsa ya shiga, shi zai tsaya."

Na ce, "Mu duka ƙafarmu ba takalmi, sai hannu ne zai sa safa? Wa ya ce haka doka take?"

Gregory ya ɗaga katin sama. "Malam Tanimu, daga ina wannan ya fito? Daga aljihun Bature. Su suka ƙago ƙwallo. Abin da ya fito daga aljihunsu shi ne ƙa'ida, ba surutun bakin faci ba."

Jatau ya tashi. Ya miƙa hannu ya karɓe katinsa, ya tattara sauran, ya naɗe zane. Ranar kallo ya tashi da wuri.

Da Gregory ya tafi, Cindo ya zauna bakin rijiya yana juya hannunsa. Ya ce, "Yaya, bari in je kawai. Me suke tsinana mini? Ko buhu ba da su nake ɗauka ba."

"Ba za ka ba."

"Gola fa, Yaya. Duk mako ina ƙarƙashin buhu, ba mai sanin sunana sai ran Asabar."

"Inna ta kwana cikin sauro a gonar dawa ta hana mai aska. Ni zan miƙa ka ga mai biro? Ba za ka ba, na ce."

Ban taɓa jin Cindo ya mayar wa wansa magana ba sai ranar. Ya ce, a hankali, kansa a ƙasa, "To na ji. Zan jira har ranar wasan. Amma in aka busa usur wani ne a gola ba ni ba, ran Litinin da safe ina wurin disfensa. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, Yaya."

Jatau ya ce, "Na ji."

Na leƙa ta kan keken da nake gyara na ce, "Sarkin Aljihu, talakawanka ne fa suka jawo. Kai ka tara su, kai ka goge su, ga shi sun fara yanka maka dangi."

Na zaci zai zage ni. Sai ya tsaya yana dubana, har na fara tsarguwa. Ya ce, "Tanimu, tun da na san ka yau ka fara magana mai amfani. Kada ka saba."

Washegari bai tafi Samaru da sassafe ba. Ya sa Cindo ya sa rigar gola, ya ja shi shagon Abiodun mai hoto da ke kusa da kasuwa, ni kuma na bi su don ba a irin wannan ba ni. Abiodun yana da labule mai zanen bene da tukunyar fure, a gabansa kowa ke tsayawa, ango da mai neman aiki. Jatau ya nuna masa kati ya ce irin wannan yake so, daidai girmansa, guda arba'in, kuma hannuwa su fito.

Cindo ya durƙusa ya ware hannu. Abiodun ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyallensa, ya daɗe, ya fito ya goge gilashin na'urar, ya koma. Ya sake fitowa. Ya tako har gaban Cindo ya kama hannun yana taɓa yatsun ɗaya-ɗaya.

Ya ce, "Ah! Baba, na ce ko injina ya lalace ne."

Na ce, "Injinka lafiya lau. Mutumin ne aka yi wa gyara, irin na masu awo."

Suka daidaita a kan Jatau zai riƙa goge masa manyan rigunansa na zuwa biki. Ran Laraba hotuna suka fito. Cindo ne sak, ido waje, bene a bayansa, yatsu goma sha biyu a baje kamar ƙaho.

Amma hoto ba kati ba ne. Takardar ba ƙarfi, bayanta fari fat. Jatau ya ce kati sai da kauri da rubutu a baya, in ba haka ba Gregory zai ce hoton fasfo ne. Ya dama sitaci mai kauri, irin wanda yake sa wa kwalar Turawa, ya ɗauko sababbin katunan nan da ba ya girmamawa, ya shafa, ya manna Cindo a kan fuskar wani, ya rufa ƙyalle ya ɗora dutse. Na farko ya ƙone, Cindo ya koma kamar ƙosan Elizabet na ƙarshen kasko. Ya rage gawayi. Na biyu bai ƙone ba, amma da ya huce sai ya nannaɗe kamar ganyen masara. Na uku ma haka. Takardar zamani ba ta ɗaukar sitaci.

Ya ajiye dutse yana huci a gefensa. Sannan ya jawo gwangwanin, ya zaro na ƙasa, tsofaffin nan masu kauri da ya fi shekara goma yana lallaɓawa.

Elizabet ta bar kaskonta ta zo. "Baban Rhoda, ba dai waɗannan ba?"

"Su ne masu ƙashi."

"Ko ni ba ka bari in taɓa su."

"Yau ma ba ke za ki taɓa ba."

Ya fara da Ba-Wuya. Ya zauna daram, sumul, kamar a haka aka buga shi. Sai Mai Kukan Dariya, sai Kunnen-Tulu, sai Kura-Ta-Biyo. 'Yan ƙwallo suka ƙare ya shiga 'yan dambe, 'yan dambe suka ƙare ya shiga dawaki. Na ƙarshe a hannunsa Gashin-Baki ne. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce wa katin, "Kai ka daɗe kana tsaye. Matsa wa yaro." Ya shafa masa sitaci a fuska.

Talatin da bakwai suka fita lafiya. Na ce, "To, ka yi kati. Sai ka kai wa Akawu ya ce daga barandar dobi ya fito."

Ya ce, "Wa ya ce shi zan kai wa?"

Ran Juma'a da safe na ga abin da idona bai taɓa gani ba. Jatau, mai lalube aljihu ya fitar, yana ninke kakin Turawa yana zura kati a aljihun kowane wando da kowace taguwa. Ya ware wasu ya kai wa sauran dobi abokansa masu wankin malaman gona da akawunan Samaru, ya ce kowa ya zura.

Elizabet ta riƙe kan keken. "Ka san me za a ce? Za a ce laya ka sa musu. Mutum ya sa hannu a aljihu ya ji abin da bai ajiye ba? Za su kore ka, mu ci me, katin?"

"Shekara goma sha biyar ina kwashe mutanensu daga aljihun nan ina kawowa gidana. Ban taɓa cewa laya ba ce. Yau na mayar da nawa mutum ɗaya."

"Dokarka fa?"

"Dokata ta ce a mayar wa aljihu abin aljihu. Sakar mini keke."

Maganarta ba ta faɗi ƙasa ba. Ran Litinin da ya je ɗaukar wanki, matar wani Bature ta tare shi a ƙofar kicin da katin a hannu, ta riƙe shi da ɗan yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Kuku ya yi tafinta. Ta ce wane ne wannan, me yake nema a wandon mijinta? Jatau ya ce ƙanensa ne, gola ne, ran Asabar ta sama yana wasa, ana gayyatarta. Ta ce ya ba da haƙuri ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Ya ce haƙuri dai ga shi, alkawari kuwa babu, don ran Juma'a ma zai sa in ya samu saura. Gidan ya fita daga hannunsa a ranar. Ya dawo da ƙulli uku maimakon huɗu.

Na ce, "Keken dai ya gode."

Ya ce, "Ka ga ka rage ciniki ke nan."

Sauran gidajen shiru. Ba wanda ya ce masa komai, mu kuma ba mu san ko sun gani ko sun jefar ba. Cindo ya daina zuwa gidanmu. Na hango shi sau ɗaya a Chikaji, buhu a ka, ya dunƙule hannuwa kamar mai ɓoye abin sata.

Ranar Asabar ɗin, bayan la'asar, filin unguwarmu ya cika fiye da yadda na taɓa gani. Motar Samaru ta sauke 'yan wasa, sai ga wasu motoci biyu na Turawa a baya, har da mata da lema. Gregory ya ga haka ya gyara kwala, ya ce mana, "Kun gani? Sun ji labarin mun gyaru." Ya jera mu. A gola ya sa wani abokin aikinsa, hula zuwa gira, safa a hannu, yana ta tafa su don a gani. Cindo yana bayan igiya cikin 'yan kallo da rigarsa ta dako. Jatau yana gefensa, ya sha farar riga mai sitaci har tana ƙara.

Alƙalin wasan Baturen auduga ne da ma'aikata ke kira Ci-da-Tsaye, don ba a taɓa ganin ya zauna cin abinci ba. Jatau ke masa wanki. Yana jin Hausa, irin tasu mai tafiya da sanda. Ya zo tsakiyar fili, ya dubi golanmu, ya sa hannu a aljihun wandonsa. Muka zaci usur zai fitar. Sai ga kati.

Ya duba kati, ya duba gola. Ya ce, "Wannan ba shi ba ne. Ina mai hannu?"

Gregory ya matso da murmushi. Da ya ga abin da ke hannun Baturen murmushin ya tsaya a rabin hanya. Kafin ya yi magana, mutanen Samaru sun fara zaro nasu, malaman gona da akawuna da Turawan nan na mota, kowa yana ɗagawa.

Ashe abin da ya kawo su ke nan, kuma ba hoton kaɗai ba. Mu ba mu yi tunanin rubutun baya ba, tunda a wurinmu ado ne. Su kuwa sun karanta. Ci-da-Tsaye ya juya nasa ya fassara wa jama'a da ƙarfi: wai an haifi Cindo a wani gari mai sanyi a Ingila, ya yi aikin haƙar kwal kafin ya shiga ƙwallo. Wani malamin gona ya ce a nasa ɗan dambe ne, ya karya haƙarƙarin mutum tara. Wata Baturiya tana dariya har lemarta na rawa, ta ba wani ya fassara nata: Cindo doki ne ɗan shekara huɗu, ja mai farin goshi, uwarsa ma ta ci sukuwa. Mako biyu ke nan suna musayarsa a Samaru, kowa yana neman Cindon da ba shi da shi.

Filin ya kece. Na ce, "Cindo, ashe haka kake ka bar mu muna hawa keke!"

Gregory bai yi dariya ba. Ya ce da Baturen cikin ladabi, da Hausa don mu ji, "Ranka ya daɗe, wannan ba kati ba ne. Na jabu ne. Dobi ne ya manna da sitaci."

Sai Jatau ya ɗaga igiya ya shigo fili, rigarsa tana ƙara. Bai dubi Baturen ba, Gregory ya nufa.

"Akawu, yana da hoto?"

"Yana da shi, amma..."

"Yana da kauri? Yana da rubutu a baya?"

"Rubutun wani ne!"

"Ni ban iya karatu ba, kai ka iya. Abu ɗaya na riƙe, don a barandata ka faɗe shi, gaban matata da wannan mai facin. Ka ce abin da ya fito daga aljihun Bature shi ne ƙa'ida." Ya nuna Ci-da-Tsaye da haɓa. "Daga ina wannan ya fito yanzu? Kowa ya gani. Ƙirga yatsun ciki. Ka nuna mini safa."

Gregory ya dubi katin. Zufa ta karyo masa. Ya sa hannu a aljihun gajeren wandonsa zai ɗauko hankici, wandon da Jatau ya goge tare da rigunan ƙungiya. Hankici ya fito, wani abu ya biyo shi ya faɗi a ciyawa. Ni na fi kusa, na ɗauka. Cindo ne. Ta gefe, inda hoton bai rufe ba, ana ganin ɗan bakin gashin baki.

Na miƙa masa da hannu biyu na ce, "Akawu, har aljihunka ya bi."

A nan shi ma ya fashe. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce, "Jatau, Allah ya isa tsakanina da kai." Ya juya ya daka wa abokinsa tsawa ya cire rigar gola. Ci-da-Tsaye ya tambaya ko akwai dokar da ta hana yatsa shida, ya amsa wa kansa cewa shi dai bai taɓa gani ba. Cindo ya tsallako igiya, ya sa riga, ya karɓi hular. Safar ya miƙa wa Gregory. Da ya isa gola ya juyo ya ware hannuwan nan biyu, har mutanen Samaru suka yi masa tafi. Sannan aka busa usur.

Kada ku zaci mun ci. Uku da ɗaya aka yi mana, ɗaya ma ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce. A hanyar gida na ce, "Sarkin Aljihu, ka rasa gidan wanki, ka kashe Gashin-Baki, an zura wa dokinka uku. Riba fa?"

Ya kamo hannun Cindo ya ɗaga mini a fuska. "Ƙirga."

Na ƙirga. Ya ɗago ɗayan. Na ƙirga.

Ya ce, "To."

Ran Litinin da safe Cindo yana Chikaji ƙarƙashin buhu, Jatau yana hanyar Palladan da ƙulli uku. Cindo ya ƙara shekara biyar a gola, hannu tsirara. Safar nan Gregory ya ba Elizabet, da ita take sauke kasko.

Jatau bai daina jera kati ran Lahadi ba, sai dai zanen ya yi masa yawa. 'Yan shara-sharan ne suka rage, da Cindo ɗaya a tsakiya, wanda ya faɗo daga aljihun Gregory. Wannan kam ya yarda in taɓa, wai tunda hannuna ya riga ya ɓata shi. Katin golan nan mai hula da safa kuwa bai koma gwangwani ba. Yana nan a baranda, gefensa ya yi baƙi. Da shi Jatau ke kwashe toka daga cikin dutsen guga.